Sunan Ɗan Tsohuwa

Talata, 3 ga Maris 1987, bayan la'asar, a butik

Alhaji Nouhou ya kira talho daga Vaulx-en-Velin, can kusa da Lyon. Ƙanin marigayi mijina ne, kuma in ya kira ni da rana tsaka, to ba gaisuwa ta kawo shi ba. Sai da ya tambayi sanyi, da ciniki, da mutanen unguwarmu ta Stains gida gida, sannan ya ce, "Hajiya, 'yan sanda sun zo da safe sun tafi da yaron nan. Maganar garejin abokansa ce, wai an sami kayan sata a ciki."

Na ce, "To."

Ya ce, "Kin ji ni kuwa?"

Na ce, "Na ji. Allah ya kyauta."

Talho a kunne, almakashi a hannu, wata 'yar Mali tsaye tana jiran shadda mita biyar. Na yanka mata shida. Ni Raliatou, wadda kasuwar Château-Rouge ta Paris kaf aka sani ba ta ƙara ko faɗin yatsa.

Ɗan tsohuwa ne aka tafi da shi. Haka nake ce masa, don tsohuwata ta ɗauke shi ranar da aka yaye shi, ita ta riƙe shi a Damagaram har ya fara gemu, sannan ya zo ya zauna wurin Alhaji Nouhou yana taya shi tara tayoyin mota da ake aikawa gida. Shi ne na fari.

Ciniki lafiya.

Laraba, 4 ga Maris, da hantsi

Sanyi. Ban buɗe da wuri ba.

Juma'a, 6 ga Maris, bayan azahar

Sahadatou ta kira daga Lyon. Autata. Shekara ta biyu ke nan tana fakilte, jami'ar 'yan coci, tana karanta ilimin zaman jama'a da na laifi da hukunci. Ni dai karatun ɓarayi nake ce masa, ita kuma ta yi ta kumbura baki.

Lokacin da ta ce can za ta, matan Stains sun sa ni a baki. Wai na miƙa 'yar musulmi ga masu gicciye a kowane ɗaki. Na ce musu ni ma atamfar Holan nake sayarwa tun kafin wasunsu su ga jirgin sama, ban zama 'yar Holan ba. Kuma ga shi, masu gicciyen ne suka ba ta mabuɗin wani ɗaki tana salla, su kuma masu bakin ko dardumar ba su ba ta ba.

Yau babu wasa a muryarta. "Inna, Yaya yana gidan kaso. Alƙalin bincike ya ce a tsare shi har a gama. Zai iya kai wata shida, ko fiye."

Na ce, "Kin ci abinci?"

"Inna!"

"Tambaya na yi."

Ta ce lauya zai nemi a sake shi ya jira shari'a a gida, yana zuwa yana sa hannu wurin 'yan sanda. Amma sai alƙali ya tabbata yana da gida, yana da mai riƙe shi. Za a turo wata madam ta yi mini tambayoyi. Ta ce, "Ki faɗa mata gaskiya kawai." Na ce yarinya, ni da na sayar wa matar jakada leshin bara a matsayin sabon yayi har ta yi mini godiya, wata madam mai biro ce za ta gagare ni?

Litinin, 9 ga Maris, da yamma

Na sayi rigar sanyi mai kauri a kasuwar Barbès. Ta maza. Araha na gani shi ya sa.

Alhamis, 12 ga Maris, bayan la'asar, a gida

Madam ta zo ta tafi, kuma ba yabon kai ba, na fita kunya. Na sa turaren wuta tun safe, na ɗaura shaddar da ba ta fita sai da salla, na dafa shinkafa da miyar kaza. Ta ce ba ta cin abinci a bakin aiki. Ta ci faranti biyu.

Sai tambayoyi. Wai in ba ta labarin ɗana. Na ce 'yata tana Lyon tana karatun alƙalai, ga hotonta can. Ta ce a'a, babban. Na ce wannan sai a tambayi Alhaji Nouhou.

Wai yaro ne na kirki? Yanzu fisabilillahi wace uwa ce za ta buɗe baki ta yabi na farinta gaban baƙuwa, a ja masa baki? Na ce yaran yanzu ai sai addu'a, ba shi da kai sosai.

Wai me ya sa bai girma a hannuna ba? Na ce tsohuwa ta ɗauka. Wai na yi baƙin ciki? Na yi dariya.

Wai in an sake shi zan riƙe shi a nan? To, ƙanin ubansa yana raye, shi ya karɓe shi a filin jirgi, a gidansa yake kwana. In na ce ni zan riƙe shi, ai na ce Alhaji Nouhou ya gaza ke nan. Na ce yana da gidan ubansa a Vaulx.

Ta yi ta rubutu. Da za ta tafi na ba ta kwalbar humra. Ta dube ni wani iri, kamar mai duban maras lafiya. Turawa ba su iya karɓar kyauta ba.

Asabar, 14 ga Maris

Ciniki lafiya. Abinci ba ya shiga, ina jin gishirin nan na kantin Tati ne. (A'a, ba a sayar da gishiri a Tati. To, wani abu ne dai.)

Talata, 17 ga Maris, da azahar, a butik

Ina cikin ciniki da wasu 'yan Kongo sai ga Sahadatou a bakin ƙofa da jakar littattafai, ido jawur. Ranar karatu! Na sallami mutanen, na ja ƙofa.

"Alƙali ya ƙi," in ji ta. "Inna, me kika faɗa wa matar nan?"

"Abin da ya dace."

Lauya ya gaya mata abin da madam ta rubuta. Wai uwa ba ta ambaci sunan ɗanta ko sau ɗaya ba cikin awa biyu. Wai ta ba da shi tun yana jariri, kuma ta yi dariya da aka tambaye ta. Wai ta ce ba shi da hankali. Wai ta ƙi karɓarsa. Shi kuma Alhaji Nouhou, da aka je wurinsa, ya ce ai yaro yana da uwa a Paris, shi wane ne da zai shiga gabanta. Ni na girmama shi, shi ya girmama ni, madam ta haɗa biyun ta rubuta cewa yaro ba shi da kowa.

Na ce, "Ta ci mini kaza faranti biyu."

"Inna, c'est grave, abin ya yi muni! Su ba su san kunyar ɗan fari ba. A wurinsu uwar da ba ta kiran sunan ɗanta, ba ta dubansa, ba ta yabonsa, ta yar da shi ne."

"Yar da shi? Wa ya biya masa jirgi? Wa ya—" Ba magana ba ce ta baki.

Ta zauna bisa dilar atamfa ta yi kukanta. Na bar ta ta gama, sannan na aika aka sayo mata gasasshiyar masara. Da ta ci ta ce, "Kin tuna bara, da na yi ta binki da rikoda ina tambayarki al'adun haihuwa?" Na tuna mana. Aikin makaranta ne, kan wannan kunyar ta rubuta shi, ta karanta gaban aji. Lokacin na ce mata uwarki tana biyan kuɗin makaranta don ki je ki koya wa Turawa abin da kowace mai tallan fura ta sani. Ta ce malamarta, Ma Sœur Odile, tana son ganina.

Na ce me zan yi wa 'yar coci?

Ta ce, "Ita ma tana shiga gidan kason duk Alhamis. Ta ga Yaya."

Ban tambaya ba. Ita ta faɗa da kanta: wai ya rame kaɗan, wai yana tari.

Laraba, 18 ga Maris, da safe

Rigar sanyin nan tana cika mini wuri. Gara in kai ta Lyon a ba wani.

Asabar, 21 ga Maris, da yamma, ɗakin Sahadatou a Lyon

Jirgin ƙasan nan mai lemu-lemun launi, kafin ka gama cin goro ɗaya ya kai ka.

Na ga makarantar. Tsohon gini, matakala kamar hawan dutse, gicciye bisa kowane allo, gaskiyar matan Stains ke nan guda ɗaya. Yara zaune a ƙasa suna shan taba suna gardama kan ko talauci ke sa sata. Na ce wa Sahadatou su zo butik su yi mako, su ga masu jakar fata suna cusa leshi a ƙarƙashin kwat.

Ma Sœur Odile 'yar firit ce, tsohuwa, da takalmin maza. Na shiga da shirin ciniki, na ce bari in ji farashinta na farko. Ba ta yi mini wa'azi ba. Ta zuba mini shayi, ta ce 'yarki ce ta fi kowa iya tambaya a ajina, amma ba ta iya jiran amsa ba. Na ce wannan gadon gidan ubanta ne.

Ta ce ta shekara ashirin tana koyar da yadda kotu ke duban iyali, kuma sai da ta karanta aikin Sahadatou ta san akwai uwar da ke ɓoye sonta don girmansa. Ta ba lauya aikin ya haɗa da takardun, ta rubuta nata bayanin a kai. Na ce to madalla, magana ta ƙare, takarda ta ɓata, takarda ta gyara.

Ta girgiza kai. "Madame, alƙali zai karanta ya ce al'ada ce mai ban sha'awa. Amma shi ba al'ada zai miƙa wa yaron ba. Mutum yake nema. Ya yarda ya gan ki ranar biyu ga wata. Zai tambaye ki, kuma yaron yana zaune."

Na ce, "Yana zaune?"

Ta ce, "Yana zaune."

Da za mu fito ta ce Odile ba sunan da aka raɗa mata ba ne, coci ya ba ta. Uwarta har ta mutu ba ta taɓa kiranta da shi ba. Na ce to ke ma kin san iyaye mata da taurin kai. Ta yi dariya har da tari. Na ba ta rigar sanyin, na ce ta ba duk wanda ta ga yana buƙata ranar Alhamis. Ba ta tambaye ni wa ba. Matar nan da ta yi kasuwa da ta yi arziki.

Lahadi, 22 ga Maris, bayan azahar, Vaulx-en-Velin

Gidan Alhaji Nouhou. Mun yi gaisuwa mai tsawo, kowa yana duban tabarma. Can ya ce, "Hajiya, ni don ke na faɗi haka." Na ce, "Ni ma don kai." Sahadatou ta ce, "Baba Nouhou, ku biyu kun yi ta ba juna hanya har kuka bar Yaya a tsakiyar titi." Ya ce wannan 'yar da a gida take da an ce ba ta da kunya. Na ce ai kuɗi nake biya ana cire mata ita.

Ya ce alƙali ba zai yarda yaro ya koma Vaulx ba, saboda abokan garejin. Sai Stains. Sai wurina.

Na ce ko a kai wa alƙalin shadda turmi ɗaya, ta gaisuwa? Sahadatou ta dafe kai ta ambato mini lambar dokar da za ta kai ni ɗakin da ke kusa da na yayanta. To, karatun ɓarayi ya yi rana.

Talata, 24 ga Maris

Ciniki lafiya.

Juma'a, 27 ga Maris, da la'asar

Na share ƙaramin ɗaki. Kayan butik sun yi masa yawa, shi ya sa. Na sa katifa don kada ƙasa ta yi sanyi.

Hajiya Fatsima ta hawa na huɗu ta leƙo, wai ta ji ƙishin-ƙishin. "Ashe shi ya sa aka tura ƙanwar karatun ɓarayi, gida bai ƙoshi ba." Na ce, "Hajiya, ai gara mu, namu an san inda yake kwana." Nata ɗan ya fi wata uku ba a gan shi ba. Bai kamata in faɗa ba. Na aika mata tuwo daga baya.

Talata, 31 ga Maris, da yamma, Lyon

Na zo da wuri don Sahadatou ta ce sai mun gwada. A makarantarsu haka suke yi, wani ya zama alƙali, wani lauya, wani ɓarawo, a ba su maki. Ta jawo ƙawarta Nadia, 'yar Aljeriya, ta zama mai rubutu. Ita kuma ta sa tabarau a ƙarshen hanci, ta zauna bayan tebur.

"Madame, kin san wannan mutumin?" Ta nuna filo bisa kujera.

"Na sani."

"Wane ne shi a wurinki?"

"Ɗan gidanmu ne."

"Sunansa?"

"Yana cikin takardarku, ranka ya daɗe. Ko ba ku iya karatu ba?"

Nadia ta faɗi ƙasa don dariya. Sahadatou ba ta yi ba. Muka sake. Na ce yayan wannan. Muka sake. Na ce jikan Hajiya Kadidiatou ta Birni. Na ba ta labarin yadda yake tashi da asuba, yadda bai taɓa ɗaga murya gaban babba ba, yadda in ya zo Paris yake ɗauke mini dila daga mota ba tare da na ce ba, ya ajiye ya tafi, ni ina duban bango shi yana duban ƙasa. Filo ne, shi ya sa bakina ya buɗe.

Ta cire tabarau. "Inna, duk wannan kin gani? Ke da ba ki dubansa?"

Na ce, "Butik ɗina da madubi."

Ta ce, "To sunan fa?"

Na buɗe baki. Wallahi na buɗe. Shekara ashirin da huɗu abin yana nan a ƙarƙashin harshe. Tsohuwata ba ta taɓa kiran yayana ba har ta koma ga Allah, tata uwar ma haka. Ba wanda ya ce sun ƙi 'ya'yansu. Na ce a kawo mini ruwa.

Sahadatou tana da jarrabawar dokar laifi jibi da rana, ga ta nan tana koya wa uwarta magana kamar jaririya.

Laraba, 1 ga Afrilu

Na yi ta yawo bakin kogi. Koguna biyu gare su a garin nan, ko me suke yi da su.

Alhamis, 2 ga Afrilu, bayan la'asar, cikin jirgi

Ofishin alƙali bai kai butik ɗina girma ba. Yaro ne ma, da ɗan gemu, da takardu har wuya. Sahadatou ba a bar ta ta shiga ba. Ta matse mini hannu a baranda, na ce tafi jarrabawarki, ta ce sai ta ji.

An shigo da shi. Ban duba ba. Takalminsa na gani, babu igiya. Da hannun riga. Rigar Barbès ce.

Ya ce, "Hajiya, ina kwana." Haka yake ce mini tun yana ƙarami. Na ce wa bango, "Lafiya."

Alƙali ya ɗaga aikin Sahadatou ya ce ya karanta, très intéressant, wai mai ban sha'awa. Daidai yadda 'yar cocin ta faɗa. Sannan ya ajiye shi gefe ya ce, "Madame, ni tambaya ɗaya gare ni. Wannan mutumin wane ne, kuma wa zai riƙe shi?"

Na yi shekaru ina karanta fuskar mai saye. Na san lokacin da mutum ya kai farashinsa na ƙarshe, in ka ƙara ja ya juya ya fita. Hannunsa yana kan murfin biro.

Sai yaron ya yi tari.

Na juya. Na dube shi. Hancin ubansa, ashe, da tabon nan a gira da tsohuwa ta rubuto mini labarinsa tun yana ɗan shekara shida. Na faɗa. Da ƙarfi ma, har mai rubutu ta ɗago kai. Na faɗi sunan, na ce c'est mon fils, ɗana ne, na farina ne, ni na haife shi, ɗakinsa yana nan a share, kuma duk wanda ya rubuta cewa ba shi da kowa bai iya cin kaza ba.

Shi kuma ya sunkuyar da kai har ƙirji, kafaɗunsa suna rawa. Ban sani ba ko kuka ne ko dariya. Kunya dai ta kama mu mu biyu, kamar an buɗe mana ƙofar wanka.

Alƙali ya ce zai ba da amsa cikin kwanaki.

A baranda Sahadatou ta ce, "Na ji ta cikin ƙofa! Inna, har ƙasan bene an ji!" Na ce in kika gaya wa matan Stains sai na sayar da littattafanki a kilo. Ta ruga jarrabawa da gudu, ɗankwali a hannu.

Asabar, 4 ga Afrilu

Shiru. Ciniki ba lafiya. Na rufe tun azahar.

Laraba, 8 ga Afrilu, da hantsi

Lauya ya kira. Gobe za a sake shi. Zai zauna a Stains, ya sa hannu duk Litinin, ba zai taka Vaulx ba har shari'a. Shari'ar tana nan gaba, wannan kuma sai ranarta.

Na ba 'yar Malin nan mita shida da gangan.

Lahadi, 12 ga Afrilu, bayan azahar, a gida

Sahadatou ta zo da labari. Ta ci jarrabawa da ƙyar, kuma Ma Sœur Odile tana son in zo aji in yi wa ɗalibai magana kan iyali da kotu. Na ce ta gaya mata ranar kasuwa ba ta da araha, amma tunda ta kai riga, za a duba.

Na dafa tuwon masara da miyar kuɓewa. Yana ƙaramin ɗaki, tari ya ragu. Na ce, "Sahadatou, ce wa wancan abinci ya sauka."

Ta ce, "Inna! Bayan duk wannan?"

Sai ga muryarsa ta bayan ƙofa: "Ki bar Hajiya. Ni na ji sau ɗaya, da shaidu, kuma an rubuta a kotu."

Ya fito ya ɗauki kwanonsa, yana duban ƙasa, ina duban tukunya. Na ƙara masa nama biyu.

Su biyun suna can suna gardama kan ko gidan kaso yana gyara mutum, ita da littafi, shi da abin da ya gani. Ni ina nan ɗaki, ƙofa a rufe, ba mai leƙe.

Muntaka.

To, ga shi nan, na rubuta sunan. Biro bai karye ba.